Shekarar da Na Binciki Jiragen Yaƙi

Da sunan Allah nake ci gaba. Wannan babi naku ne, ku 'ya'yan Samira, domin na san abin da ake faɗa muku a gidan kakanninku na wajen uba. Wai na riƙe auren iyayenku kusan shekara guda saboda ina ganin gidanmu ya fi nasu daɗewa a Madina. Ba haka ba ne. Su mutanen Damagaram ne, mu na Kano, kuma kakanninmu duka da ƙafa suka iso ƙasar nan, babu wanda ya zo da takalmin kirki. Abin da ya riƙe ni daban ne, zan kuma faɗe shi yadda ya faru. In Hausar ta yi muku nauyi ku ba mahaifiyarku ta karanta muku, amma ku sa mata ido, tana tsallake inda bai yi mata daɗi ba.

A lokacin ina aiki a filin jirgi, ɓangaren saukar alhazai, ina kula da masu tura tsofaffi a keken guragu. Jirgi kam na san shi ta ƙofa, na san shi ta tsani, amma ban taɓa sanin abin da ke faruwa a gabansa ba. Karatuna a firamare ya tsaya. Halina kuma kun san shi: ni ne nake dawowa daga bakin titi in duba ko an kashe gas, ni ne nake sake alwala don ban tabbata ruwa ya taɓa dunduniya ba. Kakarku Rabi takan ce ranar da za a kai ni maƙabartar Baƙi'a sai na ɗaga likkafani na tambaya ko an kulle gida.

Baffannin mahaifinku Yasir suka zo neman aure bayan la'asar, muka zauna a majalisa, aka zuba gahawa. Babbansu ya ce yaron matuƙin jirgin fasinja ne. Na ji daɗi, don irinsu nake gani kullum suna wucewa da jakarsu, mutane masu natsuwa. Har sun miƙe, ƙaraminsu ya ƙara da cewa, kamar wanda ya tuna ya bar laima:

"Af, kuma yana cikin ihtiyaɗ. Na jiragen yaƙi."

"Mene ne shi?" na ce.

"Sojan ko-ta-kwana, ya Abu Samira. Da can soja ne sosai, ya ajiye. Yanzu lokaci-lokaci ake kiransa. Ba wani abu ba ne."

Na raka su mota ina ta juya maganar. Mutum ya ajiye aiki amma aikin bai ajiye shi ba. To shi soja ne ko ba soja ba?

Al'adarmu ce kafin a ba da 'ya a yi bincike, kuma ban san yadda ake yin rabinsa ba. Na je masallacin unguwarsu a Sultana na ji yana sallar asuba a jam'i. Na tambayi mai gasa burodin tamis na ƙofar gidansu ya ce yaro ne mai gaisuwa. A wurin aiki ma na sami wanda ya san shi, ya ce bai taɓa jin ya ɗaga wa ma'aikaci murya ba. Duk wannan rabin mutumin ne. Ɗaya rabin, wanda ke sa wata riga ya tafi wani sansani ya shiga wani irin jirgi, ba shi da liman, ba shi da maƙwabci, ba shi da mai tamis. Ban san wa zan tambaya ba.

Rabi ta ce, "Malam, an ce yana salla, an ce ba ya shaye-shaye, uwarsa na san ta tun muna 'yan mata. Me ya rage? Lambar takalminsa?"

Na kira Samira na tambaye ta ko ta san in an kira shi ina yake zuwa. Da Hausa na tambaya, ita kuma da Larabci ta amsa, yadda kuke yi mini yanzu. Ta ce ba ta sani ba, shi ma ba ya sani sai an kira, kuma in ya tafi wani lokaci waya ba ta shiga. Ta faɗi wannan tana murmushi, kamar abin alfahari. A nan dole in koma baya in ba ku labarin kakata, Iya Hansatu.

Ita da mijinta suka taso daga Kano, suka yi shekaru a hanya suna noma a gonakin mutane a Sudan, har suka isa bakin teku da jariri a baya, shi ne mahaifina. Da za a tsallako, masu kwalekwale suka raba ayarin. Ita ta shiga ɗaya tare da 'yan garinsu, shi aka tura shi wani da babu wanda ya san sunansa a ciki. Nata ya iso. Nasa babu wanda ya iya cewa ya iso ko bai iso ba. Malamai suka gaya mata hukuncin matar wanda ya ɓace: ta kai ƙara wurin alƙali, ta jira shekarun da shari'a ta ɗiba, ta yi takaba, ta yi aure in tana so. Ta ƙi. Ta ce ba za ta yi wa mutum takaba ba alhali babu mai cewa ya ga mutuwarsa da idonsa. Haka ta tsufa, ba matar aure ba, ba bazawara ba. A gabana, duk lokacin aikin hajji, takan zauna a inda alhazan ƙasar Hausa ke sauka tana duba fuskokin tsofaffin maza. Ba mutuwa nake tsoron wa Samira ba, wannan kowa da ranarsa. Irin wancan zama nake tsoro. Amma ban iya faɗin haka ga kowa ba a lokacin, don kada a ce ina yi wa ɗan mutane mugun fata tun ba a ɗaura ba.

Wani direba ɗan Chadi a wurin aikinmu ne ya ce in je wurin Baba Idi, mai gyaran na'urar sanyaya mota a Sultana. Ya ce tsohon bakaniken jiragen yaƙi ne, kuma tun kafuwar wannan runduna yake cikinta har ya yi ritaya. Na same shi zaune a kan kujerar mota da aka ciro aka ajiye a ƙasa, doguwar fuska, kunne ɗaya ba ya ji. Na yi masa bayani. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai surukin ne ko ɗan leƙen asiri?"

"Uban yarinya ne."

"Duk ɗaya ne. Zauna ta wannan gefen, wancan kunnen jirage sun cinye shi."

Ya sa aka kawo shayi ya fara. Ya ce asalin abin ƙarancin mutane ne. Gwamnati ta sha wahala kafin ta horar da matuƙin jirgin yaƙi ɗaya, shekara da shekaru, sai ya ƙware sannan kamfanin fasinja ya ɗauke shi, ko mahaifinsa ya tsufa ya ce ya dawo gida. Da aka shiga wasu shekaru na zaman ɗar-ɗar a kan iyaka, aka duba aka ga jirage sun fi matuƙa yawa. Sai aka bi waɗanda suka ajiye ɗaya bayan ɗaya aka ce su dawo, ba gaba ɗaya ba, kowa ya riƙe aikinsa da iyalinsa, amma duk wata ya zo ya yi 'yan kwanaki don kada hannu ya manta. Ya ce farkon tafiya tsofaffin jirage aka ba su, waɗanda sojojin dindindin suka gaji da su, kuma ana yi musu ba'a ana kiransu sojojin ƙarshen mako.

"Wasu sun dawo da tumbi, ya ɗan'uwa. Ni da hannuna na ƙara wa wani rami a ɗamara. Amma da suka tashi, yaran da ke dariya suka yi shiru. Mai furfura a sama ba ya gaggawa."

Na ce to mene ne aikinsu, tunda ba kullum ake yaƙi ba? Ya ce yawanci gadi ne. Lokacin hajji, sama ta cika da jiragen alhazai, ana buƙatar ƙarin masu sintiri, su ake kira. In wani jirgi ya shigo bai yi magana ba, su za su tashi su je gefensa su leƙa su ga ko lafiya. Sannan su ke zama abokan gaba na wasa don sababbin matuƙa su koyi faɗa. In kuma abu ya ɓaci da gaske, su ne ƙarin hannu.

Gaskiya abin ya kama ni. Na je don bincike, na koma ina zuwa don son ji. Duk ranar hutuna ina Sultana. Na tambayi yadda mutum ke gane alƙibla yana juyi a sama, ya ce ba sa daɗewa har lokaci ya fita, in kuma ya matse ana yin ta da nuni. Na tambayi me ya sa ƙarar jirgin ke zuwa bayan ya wuce. Na tambayi in fitsari ya kama mutum fa. Ya yi dariya har ya sarƙe da shayi, ya ce akwai dabara amma ba zai faɗa wa uban amarya ba. Wasu tambayoyin kuwa sai ya juyo mini da mataccen kunnen, in gane na taka inda ba a takawa. Na koyi cewa kafin jirgi ya tashi matuƙi yakan zagaya shi yana taɓa ko'ina da hannu, ko da bakanike ya riga ya duba. Na ce wa Rabi ashe akwai sana'ar da ake biyan mutum don ya yi irin halina. Ba ta yi dariya ba.

Domin a gida abubuwa sun fara lalacewa. Watanni sun shuɗe ban ce e ba, ban ce a'a ba. Mahaifiyar Yasir ta daina kiran Rabi. Samira ta daina zama shan shayi da ni bayan magariba, in na shigo ta gaishe ni ta wuce ɗaki. Daga ƙarshe babban baffan ya aiko cikin ladabi cewa in an sauko daga hajji ba su ji komai ba, za su ɗauka Allah bai yi ba. Rabi ta same ni ina ninke sallaya.

"Malam, ka san sunan kowane ƙarfe a jikin jirgi. 'Yarka ta rame ka sani?"

"Saura tambaya ɗaya."

"Tun watan Rajab saura tambaya ɗaya. To yi ta mana! Ko bakinka ne ya ƙi?"

Ta faɗi gaskiya, bakina ne ya ƙi. Duk tambayoyin da na yi wa Baba Idi zagaye nake yi. Washegari na je na zauna ta gefen kunnen kirki, na ba shi labarin Iya Hansatu tun daga farko. Sannan na ce: in jirgi ya faɗi a tsakiyar hamada ko cikin teku, wa ke sani?

Bai yi ba'a ba wannan karon. Ya ce akwai na'ura a jikin kujerar matuƙi mai kiran masu ceto, akwai masu kallo daga ƙasa. Na ce na'ura ba ta rantsuwa a gaban alƙali, kuma ba ta iya duban mace ta ce na gani. Ya goge hannunsa da tsumma.

"Ai da ka faɗi wannan tun farko da ka rage mini sukari. Ba a tashi mutum ɗaya. Biyu-biyu ake tashi. Kowa yana da abokin tashi, yana gefensa, aikinsa ya duba bayan ɗan'uwansa. In ɗaya ya faɗi, ɗayan ba ya tafiya. Zai yi ta kewaya wurin yana faɗa wa na ƙasa abin da yake gani, har sai mai ya kusa ƙare masa. A rundunarmu kuma, da yake mutane kaɗan ne, su biyun sukan yi shekaru tare."

Na kira Yasir a ranar, karo na farko da na kira shi da kaina. Ya zo da farar riga a goge, yana zaton hukunci zai ji. Na ce wa yake tashi a gefensa? Ya yi mamaki, ya ce wani ne Hamid, mutumin Badar, in ba a kira su ba yana gonar dabinon mahaifinsa. Na ce ya kai ni. Ya buɗe baki zai tambaya, ya fasa, ya ce da Larabci, "Ɗayyib, ya Ammi," wato "To, Baffa." Wannan fasawar ta ƙara masa daraja a idona.

Muka tafi ranar Asabar da safe. Hamid gajere ne mai faɗin ƙirji, muka same shi da ƙafa cikin laka yana buɗe wa dabino ruwa. Ban ga alamar jirgi a jikinsa ba. Ba ya jin Hausa, da Larabci muka yi. Na ce wa Yasir ya je ya duba motar, ya gane ya ba mu wuri. Na ba Hamid labarin kakata a taƙaice, sannan na faɗi buƙatata.

"In wani abu ya sami yaron nan a sama, ba na son takarda, ba na son waya, ba na son wani hafsa da ban sani ba ya ce ana kan bincike. Kai nake so ka zo ƙofata da ƙafarka, ka faɗi abin da idonka ya gani. In ya mutu ka ce ya mutu. In ba ka gani ba ka ce ba ka gani ba."

Ya dubi ruwan da ke bin ramin, ya ce:

"Ya Ammi, akwai abin da doka ba za ta bar ni in faɗa ba. Wuri, da dalili."

"Ba na son wuri. Rai nake tambaya."

"Wannan na ɗauka. In ni ne na rage, zan zo."

"In kuma kai ne ka faɗi?"

Ya yi murmushi. "To sai ka ba surukinka aron ƙarfin hali ya zo wurin tsohona. Ka ga ka riga ka ce surukinka a zuciyarka, ni dai na taya ka furtawa."

Kafin alhazai su gama watsewa aka ɗaura aure. Na ce Hamid ne shaida ta ɓangarenmu. 'Yan'uwana suka ji haushi, wai ga baffanni ga kawunnai na ɗauko baƙo daga Badar. Ƙanena bai yi mini magana ba har azumi. Ban yi musu bayani ba, don alkawarin tsakanina da Hamid ne, ko Rabi sai daga baya ta sani.

Na zaci da wannan hankalina zai kwanta. Ya kwanta ta wani gefe. Abin da ban lissafa ba ya zo a shekara ta biyu, Samira na da cikin babbanku. Aka kira rundunar, ba irin kiran wata-wata ba, aka ce sai abin da hali ya yi. Ta dawo gidanmu da zama. Makonni suka wuce, waya takan shiga wani lokaci, sannan ta daina. Wata safiya da hantsi ina shayar da shukar ƙofar gida da buta, mota ta tsaya. Na ɗaga kai na ga Hamid yana fitowa, shi kaɗai, da kakin soja.

Ban san lokacin da butar ta faɗi ba. Na zauna a ƙasa cikin ruwa. Ina jin ya yi sallama. Ina tunanin yadda zan hau bene in gaya wa yarinya mai ciki. Shi kuma ya buɗe bayan mota yana ciro kwali, sai da ya juyo ya gan ni. Ya saki kwalin, ɗanyen dabino ya watse a titi, ya rugo yana ihu.

"Lafiyarsa lau! Wallahil azim lafiyarsa lau! Na baro shi yana cin shinkafa da hannu biyu! Hutu aka ba ni, tsohona ne ba shi da lafiya, Yasir ne ya ce in biyo in gaishe ku!"

Ya durƙusa ya riƙe kaina yana ta neman gafara, ni ma ina neman tasa. Rabi ta fito da mayafi a karkace, ta dube mu, manyan maza biyu a cikin laka, ta ce a tattara dabinon kafin motoci su taka.

Abin da na saya ke nan, kuma ban yi nadama ba. Na samar wa 'yata mutumin da zai faɗa mata gaskiya, na kuma mayar da fuskar mutumin kirki abin da gabana ke faɗuwa in na gani. A cikin abokan mahaifinku babu wanda nake so kamar Hamid, kuma babu wanda nake tsoron ganin motarsa kamarsa. Shi ya nemo mana magani. Tun daga ranar, in zai zo gidana ko gidanku, ba ya fara sallama. Daga bakin mota yake ɗaga murya ya ce, "Yasir lafiya!" ko da Yasir na zaune a ciki yana kallonsa ta taga, sannan ya yi sallama. Abin ya dame ni ta wajen addini, har na je na tambayi malami ko ya halatta a gabatar da magana kafin sallama. Ya saurari labarin duka ya ce in bar bawan Allah ya ci gaba.

Na sha ganin kuna kwaikwayonsa kuna dariya, kuna ce masa Ammu Yasir-lafiya. Ban hana ku ba, shi ma yana jin daɗi. Amma mahaifinku har yanzu ana kiransa, kuma ni ba lallai ina nan ba. Idan wata rana kuka ji Hamid ya tsaya a ƙofa ya fara da sallama, babbanku ya je ya buɗe, sauran ku zauna kusa da mahaifiyarku. Duk abin da ya faɗa, ku yarda da shi.